Littafin Tsegumin Mami Sirri

Duk wanda ya taɓa zama a ajina na Faransanci a Bafusam zai gaya maka abu biyu: Madam Simo tana da faɗa, kuma tana da wani littafi da take tilasta wa kowa ya riƙe. Duka biyun gaskiya ne. Faɗan gadonsa na yi wurin mahaifiyata. Littafin kuwa ni na ƙirƙiro abina, kuma a da har alfahari nake yi da shi fiye da kima.

Ajin na manya ne, a ɗakin taron cocin unguwarmu, kullum ƙarfe huɗu na yamma. Ɗalibaina mutanen yankin Bamenda ne da rikici ya koro. Suna da Turancinsu da burokarsu da yarukansu, sai suka wayi gari a garin da ko takardar asibiti za ka cike sai da Faransanci. Ranar farko nakan raba wa kowa sabon littafin rubutu, in ce:

"Wannan sunansa littafin tsegumi. Ba tsegumin maƙwabta ba, na kanku za ku yi. Kullum ku amsa tambaya uku. Me na gane yau? Me ya wuce ni? Kuma da ya wuce ni ɗin, a ina nake, wa ke magana, me nake yi?"

Na yarda, har gobe ma, cewa mai koyon harshe ba ya gaba sai ya san ƙafar da yake ɗingishi da ita. Wani kunya ce ke cin sa. Wani gaggawa. Wani kuma sai ya tsaya juya kowace kalma zuwa yarensu a ransa, kafin ya gama mai maganar ya kai Duwala shi yana tasha. Idan mutum ya kama kansa da kansa, rabin aikina ya ƙare.

Mami Sirri ta zo mana a farkon damina. Gajeruwar mace ce mai faɗin tafin hannu, shekarunta hamsin da bakwai. Shekara talatin da ɗaya tana aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a bayan garin Bafut, har ranar da aka gudu. Yanzu a gidan 'yarta take zaune, tana dafa koki, wani irin alale na wake, tana sayarwa a bakin titi. Kullum da wata tsohuwar jakar hannu a hammatarta, ba ta ajiye ta ko a ƙasa. Ranar da ta fara zuwa, da na tambayi kowa dalilinsa na koyon Faransanci, sai ta buɗe jakar ta warware wani tsumma ta fito da ɗan ƙahon ƙarfe mai kama da mazurari, irin wanda ungozoma ke ɗorawa a cikin mai juna biyu ta kara kunne ta ji bugun zuciyar ɗa.

"Dalilina ke nan," in ji ta. "Shi kaɗai na ɗauko da muka fita, ko takalmi ban sa ba. Akwai asibitin haihuwa a bayan kasuwa, shugabar wurin Madam Wandji ta ga takarduna. Ta ce hannu tana so, amma matan da ke zuwa wurinta Faransanci suke naƙuda da shi. Ta ba ni wata uku in dawo ta gwada bakina. Ni ba a haife ni don in naɗe wake a ganyen ayaba ba, Madam. Ki mayar da ni ɗakin haihuwa."

Pa Ndifor, wani kafinta mai bakin tsiya da ke zama a layin baya, ya ce, "To Mami, in kin koma wa zai riƙa ba mu koki? Madam, don Allah ki koya mata a hankali, kar ki yi sauri."

"Rufe mini baki, tsohon banza," in ji ta. "Kanka wannan da na gani, uwarka ta sha wuya ranar haihuwarka."

Aka kwashe da dariya. Da aka tashi sai ta tsaya ta dubi ƙafata, ta dubi cikina, ta rage murya ta ce, "'Yata, wata biyar ko? Ki daina tsayuwar awa biyu a kan wannan takalmin." Ban gaya wa kowa a ajin ba, ina ta ɓoyewa da manyan riguna. Shekarata tara da aure, ɓari biyu na yi, wannan cikin kamar ƙwai nake riƙe da shi. Tun daga ranar na ji matar ta shiga raina.

Ban taɓa samun ɗaliba mai dabara irinta ba. Ta ce ita ba Faransancin gaishe da minista take so ba, saboda haka ta tsara kalmominta yadda haihuwa ke tafiya. Shafin farko na ranar awo. Na biyu na farkon naƙuda. Na uku na lokacin da ake cewa yi nishi, dakata, ja numfashi. Na ƙarshe na bayan an yanke cibiya. Tana naɗe koki tana maimaita su. Ta manna takardu a jikin tukwanenta da sunayen gaɓoɓin jiki, har 'yarta ta zo mini ƙorafi wai tukunyar miyarsu yanzu sunanta mahaifa. Cikin mako huɗu tana karanta katin awo ba gargada. In na zauna gabanta muka yi wasan mai ciki da ungozoma, sai in ji daɗi har in manta da ciwon baya.

Matsalar ɗaya ce. Duk Laraba da Juma'a nakan kunna musu hirarraki daga wayata ta wata 'yar lasifika, su saurara su amsa tambayoyi. Nan fa Mami Sirri take zama kamar an dasa ta. Takardarta fara fat. Pa Ndifor da ba ya iya rubuta sunan wata ba tare da kuskure ba sai ya ci bakwai cikin goma, ita ta tashi da ɗaya, wani lokaci babu.

Na zazzage mata duk abin da na sani. Na ce kar ta bi kowace kalma, ta nemi kan zancen kawai. Ta gwada. Na ce kafin a kunna ta karanta tambayoyin ta yi hasashen abin da za a faɗa. Ta gwada, hasashen ya fi amsar kyau. Na ce ta riƙa kunna rediyo da safe tana aiki. Na ce ta zauna kusa da masu sayar da tumatir ta saurari ciniki. Duk ta yi, don ba ta da ƙyuya. Kowace Litinin in duba littafin tsegumin ta sama-sama, in ga ta cika shafi da ƙananan rubutu, in sa hannu in mayar mata. Gaskiya ban karanta ba. Ɗalibai ashirin da shida gare ni, ga nauyin ciki, kuma a ganina na riga na san abin da ke ciki.

Abin da na sani ɗin kuwa shi ne wannan. Na taɓa koyar da mutanen da rikicin ya cinye musu gida da 'yan'uwa, waɗanda sautin Faransanci kawai yake tuna musu da masu kaki. Sukan karanta, sukan rubuta, amma da zarar an buɗe baki sai su rufe zuciya. Na ɗauki Mami na jefa a cikin wannan kwandon, na ɗaure bakinsa.

Ranar da abin ya fashe Laraba ce ta mako na takwas. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwanon rufin cocin yana ta ƙara. Ina rubutu a allo, na juya wa aji baya, na jefa mata tambaya mai sauƙi: mace ta zo da ciwon mara, me za ki fara tambayarta? Shiru. Na sake. Shiru. Na uku na ɗaga murya. Da na waiwayo sai na gan ta tana kwafar rubutun allo hankalinta kwance, 'yan aji kuma suna ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci, na jefar da alli.

"Mami Sirri! Da ke nake!"

Ta ɗago a firgice. "Madam?"

"Sau uku ina miki magana. Wata biyu ina fama da ke. Kin iya karatu, kin iya rubutu, amma in an yi magana sai ki toshe kunne. Bari in gaya miki abin da ba ki rubuta a littafinki ba. Kin tsani harshen nan ne. Kin tsane shi, kin tsani masu shi, kuma kina so ki ci abinci da shi. Ba a haka. Ni ban ƙona gidan kowa ba. In ba za ki buɗe zuciyarki ba, ki bar kujerar ga mai so."

Ta rufe littafinta a hankali, ta sa a jaka, ta miƙe.

"Madam," in ji ta, "jarirai sun fi dubu uku da suka faɗo a hannun nan. Akwai 'ya'yan sojoji a ciki, akwai 'ya'yan waɗanda suka shiga daji. Ban taɓa jin wanda ya yi kukan farko da Turanci ko Faransanci ba. Ki faɗi wani laifin, wannan ba nawa ba ne."

Ta fita cikin ruwan ba lema.

Da aka tashi Pa Ndifor ya tsaya yana sosa ƙeya, babu wasa a fuskarsa. "Madam, ni dai kafinta ne. Amma yau kin buga ƙusa inda babu katako."

"Pa, ka koya mini aikina ne?"

"A'a, wane ni. Sai dai ki sani, matar nan kafin ta zo aji sai ta yi tafiyar minti arba'in a ƙasa. Maƙiyi ba ya wannan wahalar."

A gida mijina Blaise ya ce in je in ba ta haƙuri. Na ce malami ba ya bin ɗalibi gida. Washegari ba ta zo ba. Mako ya zagayo ba ta zo ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Kullum in shiga aji idona ya fara sauka a kujerarta ta layin tsakiya, in kawar da kai in ce ita ta sani. Amma ina lissafe da ranar gwajinta a raina, kuma abin yana ci na.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu gwajin, na je coci da wuri wajen ƙarfe uku don in shirya allo. Ba ni da sukuni a ranar. Tun safe ɗan cikina bai motsa ba, shi da ya saba shurina duk lokacin da na sha shayi. Ina ta gaya wa kaina barci yake yi. Ina share allo sai na ji an ja kujera. Mami Sirri ce, ta rame, jakarta a hammata.

"Mami, ni dai..."

"Zauna, 'yata. Nan gabana, inda zan ga fuskarki. Ba faɗa na zo yi ba."

Na zauna. Ta fito da littafin tsegumin ta buɗe a kan benci. Kowane shafi ta bi shi da biro, wasu layukan ta ja musu shuɗi, wasu ja.

"Da na koma gida ranar nan na yi kuka, na zage ki a raina har na gaji. Sai na ce, to Sirri, in ba ƙiyayya ba ce, mene ne? Matar nan ta ce amsa tana cikin littafi. Sai na yi masa irin karatun da muke wa katin mai ciki. Awo ɗaya ba ya gaya maka komai, sai ka jera su. Shuɗi inda na gane, ja inda ya wuce ni. Karanta shuɗin."

Na karanta. Na gane mai sayar da manja, muna fuskantar juna. Na gane Madam a wasan awo, tana zaune gabana. Na gane maƙwabciya da ta zo aron turmi, a bakin ƙofa, da rana. Na gane fadan coci a huɗuba, ina layin gaba.

"Yanzu jan."

Ban gane rediyo ba, ina wankin wake. Ban gane lasifikar Madam ba. Ban gane direban tasi ba, ina kujerar baya. Ban gane matar da ta kira ni a waya ba. Ban gane fada ba, ina layin baya. Ban gane Madam ba, tana rubutu a allo. Ban gane Madam ba, ana ruwa. Ban gane Madam ba, tana rubutu a allo.

Wannan layin na ƙarshe sau goma sha ɗaya ya fito. A ƙasan kowane shafi kuma ga sa hannuna, da biro kore, har da ɗan lanƙwasar da nake yi masa don ado.

"Fada ɗaya ne, Faransancinsa ɗaya," in ji ta. "A gaba na gane, a baya ban gane ba. Ke ma ɗaya ce. Me ya bambanta?"

Na ce, "Wataƙila hayaniya ce, Mami. Ko fargaba. Mutane da yawa in ba su ga fuskar..."

"Ni ma haka na so in ce. Mako biyu ina faɗa wa kaina haka. Tashi ki koma bayana, can wajen taga. Ki yi mini magana da buroka, ba Faransanci ba, da muryar da kike magana kullum. Amma ki faɗi abin da ba zan taɓa tsammani ba."

Na tashi na koma bayanta, taku biyar ko shida. Na rasa abin faɗa, sai na ce akuyar Pa Ndifor ta haifi agogo, za a yi suna ranar Talata.

Ta karkata kai tana saurare. Can ta ce, "Na ji muryarki, kamar daga cikin randa. Na ji Pa Ndifor. Kin ce ba shi da lafiya ne?"

Na dawo na zauna.

"Kin gani," in ji ta, tana murmushin da ya fi kuka ciwo. "A yarenmu da buroka, in na ji rabin magana sai kaina ya cike sauran, ban ma san ina yi ba. Shekara biyu ina cikewa. 'Yata tana cewa na fiye amsa abin da ba a tambaye ni ba, na ɗauka tsufa ne. Faransanci kuwa ba ni da abin cikewa, shi ya sa ya tona ni. Ranar da muka gudu wani abu ya fashe a bayan katangar asibitinmu. Na yi kwana takwas kunnena yana kuka kamar gyare ya shiga. Da ya daina na ce na warke."

"Mami, ki yafe..."

Ba ta kallona a lokacin, tana warware tsumman nan. Ta fito da ƙahon ta goge bakinsa da gefen zanenta.

"Saura gwaji ɗaya, kuma shi nake tsoro. Tun da na baro gida ban ɗora shi a cikin kowa ba. Zuciyar ɗa ba ta da leɓen da zan kalla, kuma ba a cike ta da hasashe. Ki ara mini cikinki, 'yata. Minti ɗaya."

Na kwanta a kan benci na ɗage riga. Hannunta da ɗumi. Ta lalluba gefe da gefe, ta ce, "Kai yana ƙasa, baya yana hagu, ya kwanta daidai." Ta ɗora ƙahon ƙasa da cibiyata, ta kara kunnen hagu, ta cire hannu. Ina kallon rufin kwano ina jira.

Ta matsar da shi kaɗan. Ta sake matsarwa. Ta juya ta kara kunnen dama. Ta rufe ido, har numfashi ta ɗauke. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, amma na ga zufa ta tsatso mata a goshi.

"Mami, me kika ji?"

Ba ta amsa ba. Na dafa kafaɗarta, ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe ya motsa na ƙarshe?"

"Jiya da yamma."

Fuskarta ta canza. Ni kuwa sai na tuna ɗakin da aka kwantar da ni sau biyu, da yadda nas ta kawar da kai kafin ta yi magana. Na fara kuka ina kiran sunan Yesu.

Ta riƙe fuskata da hannu biyu. "Saurara. Ban ji komai ba. Ko ɗanki ne, ko kunnena ne, ɗaya daga ciki. Ki roƙi Allah ya zama kunnena. Ni ma shi nake roƙo. Tashi."

Ita ta tare tasi, ita ta tura ni ciki. Ta ce wa direban ya kai mu asibitin bayan kasuwa, da sauri, amma ban da ramuka. Duk hanya tana riƙe da wuyan hannuna, tana yi mini tambayoyi tana kallon bakina. Ban yi tunanin komai nata ba a motar nan, ko sau ɗaya. Addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa matar nan kurma ce. Na faɗa a raina ya fi sau ɗari, da zuciya ɗaya, tana zaune kusa da ni.

Madam Wandji doguwa ce mai tabarau, ba ta son ɓata lokaci. Muna shiga Mami Sirri ta tsaya gabanta ta yi mata bayani da Faransanci, tiryan-tiryan, kamar yadda ta jera a shafukanta. Ciki na uku, ɓari biyu, wata takwas. Kai a ƙasa, baya a hagu. Ba motsi tun jiya da yamma. Ba jini, ba ruwa, ba zazzaɓi. An saurari zuciya ba a ji ba, amma mai sauraren ba abin dogaro ba ce. Ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba.

Aka kwantar da ni. Madam Wandji ta waiga tana neman nata ƙahon, Mami ta miƙa mata wanda ke hannunta. Ta ɗora shi daidai inda Mami ta fara ɗorawa, shatin bakinsa ma bai gama ɓacewa a fatata ba. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba ta ɗaga yatsa ta fara kaɗa shi a iska, sauri-sauri, tana duban agogon hannunta.

"Ga shi nan kamar ganga," in ji ta. "Ɗari da arba'in. Malalaci ne kawai, barci yake. A ba ta ruwan sanyi da sukari, yanzu zai tashi."

Na yi kuka, na yi dariya, na rungume hannun Madam Wandji ina sumbata. Ina shan ruwan kuwa ya shure ni a haƙarƙari. Sai da na gama murnata tsaf sannan na tuna akwai mutum na uku a ɗakin. Tana tsaye a jikin bango, idonta a kan yatsan Madam Wandji da ya daina kaɗawa.

Madam Wandji ta cire tabarau ta juyo ta fuskance ta. "Ke ce ungozomar Bafut, ko? Wadda na ce ta dawo Litinin? Ba sai kin dawo gwaji ba, na ji abin da nake son ji. Wasu nas ɗina da aka haifa a garin nan ba sa bayani haka. Ki zo Litinin da farar rigarki."

Mami ta gane kowace kalma, na gani a idonta. Wata biyu tana tafiyar minti arba'in don wannan maganar.

"Na gode, Madam," in ji ta da Faransanci. "Ba zan zo ba. A nan na ɗora shi, inda kika ɗora. Kunne biyu na sa."

"To ai akwai sauran aiki. Hannunki..."

"Ɗakin haihuwa ba a kallon bakin mutane. Mace za ta kira ni ina juye da baya. Jariri zai yi shiru in ɗauka yana kuka, ko ya yi kuka in ɗauka ya yi shiru. Yau na ce wa yarinyar nan ban ji ɗanta ba, da ransa. Wata rana zan ce na ji, don kaina ya iya cikewa."

Madam Wandji ta ce akwai likitan kunne a Yawunde, akwai abin da ake maƙalawa, wasu yana yi musu aiki. Mami ta ce ta ji, in Allah ya sa an dace za ta dawo. Yadda ta faɗa, duk mu ukun mun san ba a kusa ba ne. Madam Wandji ta miƙa mata ƙahon. Ta karɓa, ta naɗe shi a tsummansa kamar yadda ta saba, sai kuma ta ajiye shi a kan tebur kusa da ma'aunin jarirai.

"Ki ba wata mai kunne. Yana da kyau, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ta zo bakin gadon ta gyara mini riga, ta ce da buroka, "Ki riƙa kwanciya ta hagu. In ya ƙara yin rabin yini bai motsa ba, ki zo nan, kar ki tsaya shirya allo." Ta taɓa littafin da ke leƙowa daga jakarta. "Abin nan naki yana aiki, Madam. Ki ci gaba da ba mutane. Amma ki riƙa karantawa."

Ta fita. Na sauko daga gadon da ƙyar, na bi ta ba takalmi har bakin baranda. Tana tafiya a tsakar gidan asibitin, jakar ta yi laushi a hammatarta, ba ta fi taku goma da ni ba.

"Mami! Mami Sirri, ki yafe mini!"

Matan da ke zaune a layin awo duk suka juyo suna kallona. Na sake faɗa da ƙarfi, da Faransanci, na faɗa da buroka. Ba ta waiwayo ba, ta kai bakin ƙofa ta bi hanyar kasuwa.